Shin Sepultura ta ƙare tun daren da Max Cavalera ya fita?

Malam Mai Faifai:

Assalamu alaikum, jama'a. Tun lokacin da ƙungiyar Sepultura ta ƙasar Birazil ta sanar, a watan Disamba na 2023, cewa za ta yi rangadin bankwana bayan shekara 40 tana kiɗan metal, wato kiɗan rock mai nauyi da jitar lantarki da ganguna, nake ganin masoyanta suna ta jimami kamar yanzu ne za a yi rashin. Ni kuwa a ganina abin da ake yi wa bankwana ya riga ya ƙare tun daren 16 ga Disamba, 1996, lokacin da mawaƙinta Max Cavalera ya sauka daga dandamalin Brixton Academy a Landan, bai kuma sake hawa tare da su ba. Waɗanda suka ci gaba da amsa sunan daga wannan dare ƙwararrun makaɗa ne, ban musa ba, amma wata ƙungiya ce daban.

Ga dalilina. Max da ƙaninsa Igor ne suka kafa ƙungiyar a birnin Belo Horizonte a 1984, a lokacin babu wanda ya cika shekara 16 a cikinsu, mahaifinsu ya rasu ya bar gidan cikin ƙunci, ƙasar kuma tana gab da fita daga mulkin sojan da ya danne ta tun 1964. Wanda ya saurari Morbid Visions na 1986, wanda ƙaramin kamfanin Cogumelo na garinsu ya fitar, zai ji yara ne da ko saita jita ba su gama iyawa ba, suna ihu da Turancin da bai zauna a bakinsu ba. Shekara 3 kacal bayan haka suka fitar da Beneath the Remains, wanda suka ɗauka a Rio de Janeiro cikin dare saboda kuɗin situdiyo ya fi sauƙi a lokacin, kuma har gobe ana lissafa shi cikin manyan kundayen thrash, wato metal mai gudu, na duniya. Arise ya biyo baya a 1991, Chaos A.D. a 1993, sai Roots a 1996. Kundi 6 ke nan cikin shekara 10 idan aka haɗa da Schizophrenia na 1987, kowanne ya wuce inda na bayansa ya tsaya, kuma a dukkansu murya ɗaya ce a gaba, hannu ɗaya ne ke kaɗa wannan karin jita mai nauyi da ake maimaitawa har ya shiga jikin mutum, a kan jitar da mai ita ya cire mata tsirkiya biyu don bai ga amfaninsu ba.

Kasuwa ma ta ba da shaida. Chaos A.D. da Roots kowanne ya sayar da kwafi sama da 500,000 a Amurka kaɗai, Roots ya kai mataki na 4 a jerin kundayen da aka fi saye a Birtaniya, kuma babu wani kundi da suka fitar bayan haka da ya ko kusanci wannan matsayi. Kamfanin faifai na Roadrunner ya rabu da su bayan Nation na 2001, alhali kundin farko na Soulfly, ƙungiyar da Max ya kafa bayan fitarsa, shi ma ya haura 500,000 a Amurka. Jama'a sun bi muryar da suka sani. Mu ma nan bayan rasuwar Shata a 1999 ba wanda ya tara 'yan amshinsa da makaɗan kalangunsa, ya tsayar da wani a gaba, ya ce wa mutane ga Shata nan. Ina sauraron mai ja.

Ɗan Damagaram:

Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara girma, zan ja, kuma daga misalinka zan fara. Shata sunan mutum ne, waƙar tasa ce, sauran duk masu rakiya ne. Sepultura kuwa ba a taɓa kafa ta a kan sunan wani ba, kuma ko mawaƙinta na farko ba Max ba ne. Wagner Lamounier ne ke rerawa har 1985, da ya fita ya kafa Sarcófago sannan Max ya karɓi makirfo. Sauyin mutane yana cikin tarihin ƙungiyar tun tana jaririya.

Tsallen da ka ambata, daga Morbid Visions zuwa Beneath the Remains, ka tsallake abin da ya kawo shi. A 1987 Jairo Guedz ya bar ƙungiyar, Andreas Kisser ya zo daga yankin São Paulo ya maye gurbinsa, kuma a shekarar ce aka fitar da Schizophrenia. Duk mai kunne zai ji bambanci tun daga waƙar farko: waƙoƙin sun yi tsawo, sun sami gaɓoɓi, jita ta fara fita ita kaɗai da tsari maimakon hayaniya, har da wuraren da ake jin hannun wanda ya koyi jitar gargajiyar Turai. Wannan kundin ne ya sa Roadrunner ta waiwayo su. Kisser ya sa hannu a rubuta baitoci da yawa na Beneath the Remains da Arise, kuma sananne ne cewa shi ya kaɗa jitar bes a situdiyo a kundaye uku a jere, domin Paulo Jr., makaɗin bes na ƙungiyar, bai fara ɗaukar nasa ba sai a Chaos A.D. Idan za a ce ƙungiyar tana da ginshiƙi, to aƙalla biyu ne, kuma ɗaya bai taɓa gusawa ba tun 1987.

Sai batun yadda rabuwar ta faru, wanda ya kamata a faɗa yadda yake. Ba korar Max aka yi ba. Matarsa Gloria ita ce manajar ƙungiyar, sauran ukun kuma suka yanke shawarar ba za su sabunta kwantiraginta ba. Shekarar ta zo musu da nauyi, domin a watan Agusta ɗan Gloria, Dana Wells, ya rasu a haɗarin mota suna shirin wasa a bikin kiɗa na Donington a Ingila, Max da matarsa suka koma Amurka, sauran ukun suka hau dandamali su kaɗai Kisser na rerawa. Watanni kaɗan bayan wannan aka kawo maganar kwantiragi, kuma na fahimci dalilin da ya sa Max ya ɗauke ta a matsayin cin fuska a lokacin makoki. Amma shi ya zaɓi tafiya. Mutum uku cikin huɗu suka zauna, ciki har da ɗan uwansa na jini wanda suka kafa ƙungiyar tare. Ta yaya wanda ya tafi zai tafi da sunan, waɗanda suka zauna su zama baƙi a gidansu?

Derrick Green, Baƙar fatar Amurka daga Cleveland wanda ya karɓi makirfo, ya yi kundi 9 da su, daga Against na 1998 zuwa Quadra na 2020, kuma zamansa ya ninka na Max fiye da sau biyu. Yawan shekaru ba hujjar inganci ba ce, na sani, amma ya isa ya hana a kira mutum ɗan riƙon ƙwarya.

Injiniya:

Ina yi wa Malam da ƙanina Ɗan Damagaram fatan alheri, amma a ganina dukkansu sun sa ido a gaban dandamali, alhali abin da ya bambanta Sepultura da sauran ƙungiyoyin zamaninta yana can baya, wajen ganguna. A 1989 akwai ƙungiyoyin thrash masu yawa a Amurka da Jamus da ke gudu kamar su, wasu ma sun fi su. Abin da babu wanda yake da shi shi ne Igor Cavalera.

A saurari yadda waƙar Territory ta fara a Chaos A.D. Kafin jita ta ce komai, ganguna ne ke magana su kaɗai, kuma ba a kan ƙaramar ganga da faranti ake kiɗan ba kamar yadda aka saba a metal, a kan manyan gangunan gefe ake mirgina shi, hannu biyu suna bin juna, har mai sauraro ya ji kamar ayarin makaɗan titi ne ke tahowa. A wannan kundin, wanda suka ɗauka a situdiyon Rockfield na yankin Wales tare da furodusa Andy Wallace, sun rage gudu da gangan, sun sassauta tsirkiyoyin jita don sauti ya yi ƙasa, kuma wannan ragin gudun ne ya buɗe wa ganguna fili. A Roots an ƙara sassautawa, jita ta koma kusan wata ganga ita ma. Duk maganar da ake yi ta haɗa metal da kiɗan Birazil, a hannun Igor aka ƙulla ta.

Shi ya sa nake cewa Against da Nation da Roorback da Dante XXI, duk da raunin da wasunsu ke da shi, har yanzu Sepultura ce ke kiɗa. A Against akwai waƙar Kamaitachi, wadda suka je har tsibirin Sado na Japan suka ɗauka tare da makaɗan taiko, manyan gangunan Japan, na ƙungiyar Kodo, kuma babu abin da ya fi wannan kama da ci gaban Roots kai tsaye. Idan dole sai an sa ranar rasuwa, ni 2006 zan sa, shekarar da Igor ya ajiye sandunansa ya koma ya shirya da yayansa bayan kusan shekara 10 ba sa magana. Jean Dolabella da ya gaje shi makaɗi ne mai kyau, Eloy Casagrande da ya zo a 2011 yana ɗan shekara 20 kuwa ya fi Igor ƙwarewar hannu nesa ba kusa ba, amma bugunsa a ƙididdige yake, kowane ɗaya a inda lissafi ya ajiye shi. Na Igor yana da ɗan rangaji, yana jan kiɗan baya kaɗan sannan ya sake shi, kuma wannan ba a koyonsa a makaranta.

Malam Mai Faifai:

Injiniya, ka taimake ni fiye da yadda ka yi niyya, domin ka yarda cewa akwai ranar da abin ya ƙare, kuma ka yarda cewa fitar wani Cavalera ce ta kawo ta. Saɓaninmu shekara 10 ne kawai. Amma ina tambayarka: cikin kundaye huɗun da ka lissafa, wace waƙa ce guda ɗaya da taron jama'a ke jira a ƙarshen wasa? Har a rangadin bankwana da Roots Bloody Roots ake rufewa, waƙar 1996.

Ɗan Damagaram, ban raina Kisser ba, kuma gaskiya ne zuwansa ya ɗaga ƙungiyar. Sai dai gwaninta daban, hangen inda za a dosa daban. Wanda ya fara kawo shawarar a tafi wajen 'yan asalin ƙasar a yi kiɗa da su Max ne, kuma bayan fitarsa an ɗauki shekaru ana lalube. Kundi a kan littafin Dante, marubucin Italiya, a 2006, wani mai suna A-Lex a kan labarin A Clockwork Orange a 2009, wani mai suna daga fim ɗin Metropolis a 2013. Ƙungiyar da a da take waƙa a kan abin da ke faruwa a ƙofar gidanta ta koma neman abin faɗa a ɗakin karatu.

Uwar Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duka, kuma abin da ya tsaya mini shi ne kowa yana cewa Sepultura kamar abu ɗaya ne da aka sani, alhali ko a zamanin Max ƙungiyar ta sauya fata aƙalla sau uku. Ta 1985 da 1986 kiɗan death metal ne ɗanye mai baitocin tsoratarwa irin na samari. Ta 1987 zuwa 1991 thrash ce mai gudu. Ta 1993 ta ɗauko salon punk da hardcore, har mawaƙin punk na Amurka Jello Biafra ya rubuta musu baitocin waƙa guda, suka kuma juya ga siyasa: waƙar Manifest a kan kisan da 'yan sanda suka yi wa fursunoni 111 a gidan yarin Carandiru na São Paulo a watan Oktoba na 1992 take. Ta 1996 kuwa wata halitta ce daban. Malam, ka san sarai cewa akwai tsofaffin masoya da suka ce ƙungiyar ta mutu tun ranar da Chaos A.D. ya fito, wasu kuma suka ce Roots ne ya binne ta, Max yana tsaye a gaba a duka biyun. Wannan hukuncin da kake yankewa an riga an yanke wa gwaninka shi sau biyu.

Ni abin da nake gani bai sauya ba tun daga 1993 shi ne ɗabi'ar fita daga gida a nemo kiɗan wasu a shigo da shi cikin metal ba tare da metal ɗin ya narke ba. Ta fara ne da Kaiowas, waƙar da babu jitar lantarki ko murya a cikinta, wadda suka ɗauka a kangon fadar Chepstow da ba ta da rufi, har ana jin kukan tsuntsayen teku a farkonta, don tunawa da ƙabilar Guarani-Kaiowá da ake ƙwace wa ƙasa. A ƙarshen 1995 suka tafi jihar Mato Grosso, ƙauyen Pimentel Barbosa na mutanen Xavante, suka kwana a can, aka shafa musu launi a jiki, aka ɗauki waƙar Itsári a fili da na'urar da batirin mota ke ba wuta. Wanda ya saurare ta da kyau zai ji cewa ba ƙungiyar ce ke jan ragama ba. Mazan ƙauyen ne ke rera waƙarsu cikin da'ira suna buga ƙafa a ƙasa, jita da ganga suna bin su a hankali.

Ɗaya ɓangaren na Roots daga Bahia ya zo, ta hannun Carlinhos Brown na birnin Salvador, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Timbalada, kuma shi ne ke musayar baiti da Max cikin harshen Fotugis a Ratamahatta. Gangunan Bahia gadon bayin da aka kwasa daga Afirka ne, yawanci daga ƙasar Yarbawa da Dahomey da Angola, kuma a wannan birnin ne Hausawa bayi suka shirya tawaye a 1807, wasunsu kuma suka shiga boren Musulmi na 1835. Shi ya sa kunnenmu ba ya baƙunta da wannan kundi yadda yake baƙunta da sauran metal. Waƙar Attitude ma da berimbau take farawa, bakan nan mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya wanda asalinsa Angola ne.

To, wa ya gaji wannan ɗabi'a bayan rabuwa? A ganina an raba gadon ne. Max ya tafi da sautin Roots, ya ɗauki kundin Soulfly na farko a situdiyon da aka ɗauki Roots tare da furodusansa, ya ci gaba da tafiya a kan wannan hanya shekaru. Waɗanda suka zauna kuma suka riƙe ɗabi'ar rashin zama wuri ɗaya: taiko a 1998, kayan kiɗan okestra a Dante XXI, makaɗan Faransa na Les Tambours du Bronx masu dukan durom ɗin ƙarfe a bikin Rock in Rio na 2011 da 2013, masu goge daga Tunisiya a waƙar Phantom Self ta Machine Messiah a 2017. Ba duka ne suka yi daɗi ba, A-Lex ni har yau bai shige ni ba, amma ba a ce wa mai irin wannan yawo gawa.

Auta:

Hajiya, a gafarce ni, ni ne ƙarami a nan, amma ina da ja a kan Roots kansa, tunda kowa ya mai da shi ma'auni. Furodusan kundin Ross Robinson ne, wanda ya yi kundin farko na ƙungiyar Korn ta Amurka a 1994 a situdiyon Indigo Ranch na Malibu, kuma a nan ɗin aka ɗauki Roots. Jonathan Davis na Korn yana cikin waƙar Lookaway tare da Mike Patton da DJ Lethal. Sassauta tsirkiyar da Injiniya ya yaba, da wannan sautin jita mai kauri kamar laka, duk Korn ta riga su. Idan aka cire Itsári da Ratamahatta da 'yan wurare kaɗan, abin da ya rage kundi ne na salon da ke tashe a Kalifoniya a lokacin. Shin ba za a iya cewa mutanen Xavante ado aka yi da su ba, kwanaki kaɗan a ƙauye da hotuna masu kyau, don a sayar wa Turawa da wani abu mai kama da na daji? Idan haka ne, to watakila masu cewa ƙungiyar ta ƙare da Arise su ne suka fi kowa gaskiya.

Uwar Biyu:

Auta, tambayarka tana da nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Tasirin Korn a sautin jita a bayyane yake, su kansu ba su ɓoye cewa sun saurari wannan kundi ba. Sai dai tasirin ya bi hanya biyu, domin 'yan Korn ma sun ambaci Chaos A.D. cikin abubuwan da suka gina kansu a kai. Kuma ka manta da abin da ke faruwa a cikin Birazil a lokacin. A birnin Recife, Chico Science da ƙungiyar Nação Zumbi sun fitar da kundinsu na farko a 1994, suna haɗa manyan gangunan maracatu da jitar lantarki, kuma Max ya shaƙu da kiɗansu har wasu daga cikinsu suka yi aiki a kundin Soulfly na farko. Roots yana da uwa a gida, ba daga Malibu kaɗai ya fito ba.

Batun Xavante kuwa, ba zan ce babu ribar kasuwa a ciki ba, kamfanin faifai ba ya kashe kuɗi don Allah. Amma mutanen Pimentel Barbosa ba a farauto su ba. Sun riga sun fitar da waƙoƙinsu na gargajiya a faifai kafin zuwan ƙungiyar, sai da aka nemi izinin shugabanninsu, kuma su suka zaɓi abin da za su rera. Sannan kundin bai tsaya ga ado ba: Ambush a kan Chico Mendes take, jagoran masu tatsar roba da aka harbe a 1988 saboda kare dajin Amazon, wata waƙar kuma a kan juyin mulkin 1964. Wanda yake son sayar da hoton daji kawai ba ya ɗora wa kansa waɗannan.

Ɗan Damagaram:

Ina so in koma kan tambayar Malam, ta waƙar da ake jira a ƙarshen wasa. Malam, wannan ma'aunin ba ƙungiyar da za ta tsallake shi. Metallica har yau da waƙoƙin 1986 da 1991 take tayar da taro, kuma mawaƙinta bai je ko'ina ba. Taro yana son abin da ya ji yana saurayi. Shi kansa Max, da ya yi rangadi da Igor a 2016 da 2017, Roots suka kaɗa daga farko har ƙarshe don cikarsa shekara 20.

Maganar lalube kuma na karɓe ta a kan shekarun 2001 zuwa 2009, lokacin da suka rasa babban kamfani, suka rasa Igor, suna wasa a ƙananan zaure. Amma labarin bai tsaya nan ba. Daga Kairos na 2011, da suka koma kamfanin Nuclear Blast, abin ya fara miƙewa, kuma kundaye biyun da suka ɗauka a Suwidin tare da furodusa Jens Bogren sun kai inda ban zaci za su sake kaiwa ba. Quadra, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2020, waƙa 12 ne da aka kasa kashi huɗu, uku-uku: kashin farko thrash irin na Arise, na biyu mai nauyin ganguna irin na Roots, na uku mai sarƙaƙiya da jitar gargajiya, na huɗu mai taushi har da muryar mace, Emmily Barreto, a waƙar ƙarshe. Green a wannan kundi yana yin abin da Max bai taɓa yi ba, wato ya yi gurnani a baiti ɗaya ya rera da tsabtatacciyar murya a na gaba. Rashin sa'arsu shi ne annobar korona ta rufe duniya makonni kaɗan bayan fitowarsa, rangadin da zai tallata shi ya rushe. Ina roƙon Malam ya saurari Isolation da Guardians of Earth ba tare da duba sunan da ke kan faifan ba, sannan ya faɗa mana ko matattu ne suka yi su.

Ga Injiniya kuma, Paulo Jr. yana cikin ƙungiyar tun 1984, watanni kaɗan bayan kafa ta. Ko bayan 2006 ba a rasa wanda ya ga farkon abin ba.

Malam Mai Faifai:

Na saurari Quadra tun fitowarsa, ƙanina, kuma kundi ne mai kyau. Ban taɓa cewa ba su iya kiɗa ba. Amma ka lura da yadda kai da kanka ka bayyana shi: kashi irin na Arise, kashi irin na Roots. Mafi kyawun abin da suka yi cikin shekara 20 da wani abu waiwaye ne ga abin da aka gina da Max. Tsakanin 1989 da 1996 wasu ne ke kwaikwayon Sepultura, daga Amurka har Turai, kuma ƙungiyoyi irin su Slipknot da Gojira ba su ɓoye bashin da ke kansu ba. Ban san ƙungiya ɗaya da ta taso tana cewa Roorback ko Kairos ne ya sa ta ɗauki jita ba.

Hajiya, maganarki ta raba gado ita ce ta fi ba ni aiki, kuma zan karɓi wannan daga cikinta: shi ma Max bai sake yin abin da ya kai Chaos A.D. ba, ko a Soulfly ko a Cavalera Conspiracy da suka kafa da Igor a 2007. Amma wannan bai rushe maganata ba. Idan gado ya rabu biyu kuma kowane ɓangare bai kai na asali ba, to abin da ya haifar da na asalin shi ne haɗuwar mutum huɗun nan, kuma wannan haɗuwa a Brixton ta ƙare.

Injiniya:

Malam, to yanzu maganarka ta tashi daga kan Max ta koma kan mutum huɗu, kuma wannan wata magana ce daban da wadda ka buɗe da ita. A kan wannan akwai gwajin da kowa zai iya yi, domin 'yan uwan biyu sun sake ɗaukar tsofaffin kundayen da sunan Cavalera: Bestial Devastation da Morbid Visions a 2023, sai Schizophrenia a 2024. Biyun farko sun fi na asali ta kowace fuska a kunnena, domin a can babu Kisser tun farko, abin da aka rasa kawai kayan aiki ne da ƙwarewa, yanzu kuma an samu. Schizophrenia na 2024 kuwa gangunansa sun fi na 1987 ƙarfi da tsabta, muryar Max ta fi kauri, amma duk inda jita ta fita ita kaɗai, musamman a doguwar waƙar nan Inquisition Symphony da babu murya a cikinta, ana jin makaɗin yana bin sawun da wani ya riga ya taka. Cavalera biyu suna ɗaki ɗaya, amma kujerar Kisser a buɗe take. A ɗaya ɓangaren kuma Casagrande ya bar Sepultura a watan Fabrairu na 2024, ana gab da fara rangadin bankwana, ya koma Slipknot, aka ɗauko Greyson Nekrutman ya zauna a kan gangunan. Ni dai ina nan a kan 2006, kuma ina jiran Auta ya faɗa mana ko ya saurari Against kafin ya yanke hukunci a kan Arise.